Babi na Bakwai: Mai Gina Aji da Mai Biyan Malam

Wanda ke son sanin tarihin kuɗin ilimi a kudancin Katsina ba sai ya je ma'aikata neman fayil ba. Ya shiga wata tsohuwar firamare a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ya bi bango da kallo. Jerin azuzuwan da ya fi tsufa, mai gajeren rufi da tagogin katako da gara ta gama da su, galibi na zamanin UPE ne, shirin ilimin firamare kyauta da gwamnatin Obasanjo ta soja ta ƙaddamar a 1976. Kusa da shi ana iya ganin wanda asusun rarar man fetur na PTF ya gyara, lokacin da Janar Muhammadu Buhari ke shugabantarsa kafin a rushe shi a 1999. Can gefe ga mai tambarin ETF, ga na UBEC da SUBEB da shekararsa a rubuce, ga na muradun ƙarni, ga kuma aikin mazaɓa na wani ɗan majalisa, wanda sau da yawa sunansa ya fi na makarantar girma a jikin bangon. Ba kowace makaranta ce ta tara su duka ba, amma da wuya a samu wadda ba ta da biyu ko uku.

Kowane gini a cikinsu shaida ne cewa an taɓa samun kuɗi, an kashe, shirin ya ƙare, wani ya zo da sabon suna. Abin da bangon ba ya faɗa shi ne wa ya sayi alli a zangon da ya wuce, wa ke biyan mai gadi, wa ya ba malamin sa-kai kuɗin man babur, kuma wa zai zauna da yaron aji huɗu da har yanzu bai iya haɗa baƙi ba bayan an tashi.

Ƙananan hukumomin nan uku kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma kusan ƙaddara ɗaya. Ƙasa ce ta noma mai albarka: masara, dawa, waken suya, da audugar da ta sa Turawan mulki suka kafa gonar gwaji a Daudawa. Kasuwar dabbobi ta Sheme da ta hatsi a Ɗandume maƙwabciya sun san manyan motoci daga kudu. Sai dai Faskari da Ƙanƙara sun jingina da Zamfara, Sabuwa kuma da dajin Birnin Gwari, kuma dukansu uku suna cikin ƙananan hukumomi takwas da aka daɗe ana kira na bakin daga a rikicin 'yan bindiga.

Kafin a kai ga masu taimako, ya kamata a fahimci yadda kuɗin gwamnati kansa ke tafiya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Jiha ba ta taɓa babban kason da aka ware mata sai ta ajiye nata daidai da shi, shi ya sa ake yawan jin biliyoyin naira na kwance a Abuja jihohi ba su je sun ɗauka ba. Idan ma an ɗauka, mafi yawansa gini da kujeru yake tafiya. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, SUBEB ta biya. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ƙungiyar malamai ta NUT ba ta yi guɗa ba, domin tsofaffin malamai ba su manta shekarun da albashinsu ke hannun ciyamomi suna shafe watanni ba a biya su ba.

Akwai kuma wata ƙofa da aka rufe ba tare da mutane da yawa sun lura ba. Harajin ilimi da aka ɗora wa kamfanoni a 1993 da farko har firamare da sakandare yana gina wa azuzuwa, shi ne ETF ɗin da ke jikin bango. A 2011 aka mayar da shi TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantu kaɗai. Tun daga nan ribar kamfanonin siminti da na waya da bankuna ta daina isa firamaren ƙauye ta wannan hanya.

Ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016 a kan naira 70 kowane yaro ta cika azuzuwan ƙananan aji, don uwar da ke ɗora wa 'yarta tallan safe ta ga dalilin barinta ta tafi. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi na tarayya. Kafin nan an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500, buhun siminti ya wuce naira 10,000 a farkon 2024. Duk wanda ya yi alkawarin aji biyu a wajen taro kafin lokacin, da ƙyar kuɗinsa suka kai linta.

A kan wannan tushe mai rauni ne daren Juma'a 11 ga Disamban 2020 ya faɗo. 'Yan bindiga a kan babura suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, makarantar kwana mai ɗalibai sama da 800, suka kora yara cikin daji da ƙafa. Shugaba Buhari yana Daura a makon. Ranar 17 ga wata aka sako yara 344 ta wajen Tsafe a Zamfara, washegari aka kai su gidan gwamnati a Katsina, da yawansu ba takalmi. Kwana biyu da sako su aka tare 'yan Islamiyya sama da 80 na garin Mahuta a Ɗandume suna dawowa daga Mauludi, Allah ya sa aka kuɓutar da su a daren. Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe makarantun kwana. Cikin watannin da suka biyo baya aka yi irin wannan satar ɗalibai a Kagara, aka yi a Jangebe, aka yi a Tegina da Yawuri, kowace ta ƙara wa iyaye tsoron barin ɗa ya kwana nesa da su.

Labarin da duniya ta ji ke nan. Wanda ba ta ji sosai ba shi ne mutuwar da ƙananan makarantu suka yi ɗaya bayan ɗaya, ba kyamara ba sanarwa. Malamin da ke zuwa daga Funtuwa ko Malumfashi a kan babur ya fara zuwa sau uku a mako, ya koma sau ɗaya, daga nan ya nemi canjin wurin aiki. Ƙauye ya watse, mutanensa suka kwararo hedikwatar ƙaramar hukuma, wasu suka sauka a azuzuwan firamaren garin da tabarmi da tukwane. Wani bincike da Oxford Policy Management ya gudanar da tallafin UNICEF, aka gabatar a Katsina a 2025, ya ƙirga makarantu sama da 50 da aka rufe a Batsari da Faskari da Ƙanƙara tun daga 2020. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnati ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama. A Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Mutumin da ke Legas ko Fatakwal yana turo wa makarantar garinsu ɗan abin da ya samu ta waya ya wayi gari ba ya iya ko jin muryar hedimasta. Ko a Nuwamban 2025, bayan sace ɗalibai a Maga ta Kebbi da Papiri ta jihar Neja, sai da Katsina ta sake ba da umarnin rufe makarantun gwamnati.

A nan ne ake ganin wata asara da ba ta shiga kasafin kowa. Yawancin makarantun sakandaren jeka-ka-dawo na al'umma da ke ƙauyukan Katsina mutanen gari ne suka fara su. Ƙungiyar ci gaban gari ta nemi fili wajen mai gari, aka yi gayya aka buga bulo, manoma suka ba da damin dawa bayan kaka, 'yan gari ma'aikata suka yi karo-karo, sannan aka bi ma'aikatar ilimi da roƙo ta karɓa ta turo malamai. Aljihun da ya yi wannan aiki shi ne dai aljihun da yau ake bi gida-gida ana tara kuɗin fansa daga cikinsa. Shi ne ke biyan harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa gari kafin a bari a yi shuka ko a kwashe amfani, shi ne ke sayen fetur da abinci ga 'yan sintiri. Mutumin da ya sayar da gonarsa da shanun huɗarsa ya karɓo matarsa daga daji, babu mai idon da zai tunkare shi da takardar kuɗin PTA. Attajirin ƙauye kuwa, wanda a da shi ne ke rufe ginin da ya tsaya, shi aka fara nema, don haka ya kwashe iyalinsa ya koma Funtuwa ko Zariya ko Kano, ya kuma koyi ɓoye samunsa. Kyauta a bainar jama'a ta zama talla ga masu garkuwa.

Masu tallafi daga waje sun zo, kuma ba adalci ba ne a ce ba su yi komai ba. Daga 2012 zuwa 2022 gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyin kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar a Katsina, Bauci, Neja, Sakkwato, Zamfara, daga baya Kano, kuma masu shirin sun ce ya shigar da 'yan mata miliyan 1.5 makaranta. A ƙarƙashinsa aka yi shirin RANA a Katsina da Zamfara, wanda ya buga littattafan koyon karatu da lissafi da Hausa ga ƙananan aji, ya horar da malamai yadda za su fara da sautin harafi maimakon haddar abin da ke kan allo. Daga 2015 wani tallafin dala miliyan 100 na asusun haɗin gwiwar ilimi na duniya ya shiga jihohi biyar har da Katsina, yana tura ƙananan kuɗi kai tsaye zuwa asusun kwamitocin kula da makarantu, wato SBMC. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 na shirin AGILE don karatun 'yan mata a sakandare, Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, a 2023 ya ƙara miliyan 700. Wannan na ƙarshe bashi ne mai sauƙin ruwa, yaran da ke zaune a sabbin azuzuwan nan suna cikin waɗanda za su biya.

Duk waɗannan shirye-shirye suna da ranar farawa da ranar rufewa, kuma ranar rufewar ba a Sabuwa ake yanke ta ba. A Nuwamban 2020, makonni kaɗan kafin a shiga makarantar Ƙanƙara, Birtaniya ta sanar da rage tallafin da take ba ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na arzikinta, a Fabrairun 2025 ta ce zai sauka zuwa 0.3 nan da 2027. A Janairun 2025 Shugaba Trump ya dakatar da tallafin Amurka, zuwa Yuli aka rufe hukumar da ke ba da shi, USAID. Aikin karatu na USAID ya fi ƙarfi a Bauci da Sakkwato, amma idan babbar rijiya ta ƙafe kowa kan koma wa ƙananan ne, ƙungiyoyin da ke aiki a Katsina suka tsinci kansu suna takara da na ko'ina a kan ɗan abin da ya rage. Shi ma shirin kare makarantu da tsohon firaministan Birtaniya Gordon Brown ya ƙaddamar a Abuja a Mayun 2014 bayan sace 'yan matan Chibok, wanda 'yan kasuwa suka yi wa alkawarin dala miliyan 10 gwamnati ta ce za ta ƙara goma, Adamawa da Borno da Yobe ya fuskanta. Lokacin da wutar ta iso arewa maso yamma, babu wani shiri a ƙasa. Sai a Disamban 2022 aka fitar da tsarin naira biliyan 144.8 na shekaru huɗu, kuma tsari a takarda daban, katanga da mai gadi a makarantar ƙauye daban.

Wani lahanin kuma ba a cika faɗarsa a taro ba. Dokokin tsaron manyan ƙungiyoyi ba sa barin ma'aikatansu su kwana, wani lokacin ma su je, inda haɗari ya fi yawa. Saboda haka bita a otal ɗin Katsina ko Kano ake yin ta, makarantar gwaji kuma wadda ke bakin kwalta ake zaɓa. Yaron da ya fi kowa buƙata shi ne ya fi nisa da mota mai tambari.

A tsakiyar wannan duka akwai makarantar da ba ta taɓa jiran kasafi ba, kuma ita ce ta riƙe yammacin yaron Bahaushe tun kafin a san boko. Yaro ya tashi firamare wajen ƙarfe ɗaya, ya ci abin da ya samu, da la'asar ya ɗauki allo ko jakar Islamiyya. Matan aure da 'yan matan da talla ta hana su zuwa da rana suna da makarantar dare. Kuɗin Laraba da uwa ke ƙulle wa yaro a bakin riga, da sadakar sauka, da buhun da manomi ke aika wa malam bayan girbi, su ne suka ɗauki wannan tsari ɗaruruwan shekaru. Kuɗin kaɗan ne ƙwarai, malamin ma yakan haɗa da noma ko ɗinkin hula kafin ya ci, amma suna zuwa kowane mako, daga hannun mutanen da ke ganin malamin a masallaci sau biyar a rana. Idan gari ya watse, malam yakan bi mutanensa, ya shimfiɗa buzunsa a zauren da aka ba shi aro, karatu ya ci gaba cikin kwanaki. Firamaren gwamnati ba ta iya wannan ƙaura, domin ita a jikin gini da takardar turin aiki take.

Boko ma ya samu nasa karatun yamma, ko da yake bai kai wancan tushe ba. Akwai lesin da malamai ke yi wa masu shirin WAEC da NECO da JAMB, wanda mai hali ke biya, marar hali ya leƙa ta taga. Akwai darasin dogon hutu da ƙungiyoyin ɗaliban gari ke shiryawa: ɗan aji uku a jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-ma ko ABU ya dawo gida, ya karɓi makullin aji wajen hedimasta, ya koya wa ƙannensa lissafi da Turanci kyauta. Abin da suke nema bai taka kara ya karya ba, kwalin alli ne da rim ɗin takarda da kuɗin buga tambayoyi da ruwan leda, sai 'yar kyautar littafi ga wanda ya zo na ɗaya ranar rufewa. Duk da haka sai ka ga shugabannin ƙungiyar sun kwashe makonni suna zarya da wasiƙar neman taimako daga gidan ciyaman zuwa na kansila, ana ce musu Alhaji ya yi tafiya. JAMB kuwa tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake rubuta ta, kuma akwai ɗalibin ƙauyen da ranar jarrabawar ce ranar farko da ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Awa biyu a mako na wata uku a gaban tsohuwar kwamfuta mai aiki da hasken rana kan raba wanda ya ci da wanda ya faɗi.

Manyan masu kuɗin Arewa suna bayarwa, kuma da yawa. Gidauniyar Aliko Ɗangote ta gina wa Jami'ar Bayero makarantar koyon kasuwanci, ta gina wa ABU ɗakunan kwanan ɗalibai. Abdul Samad Rabi'u ya kafa ASR Africa a 2021 da alkawarin dala miliyan 100 duk shekara, ABU na cikin waɗanda suka fara samun naira biliyan ɗaya. A Katsina kanta, Jami'ar Al-Qalam da aka buɗe a 2005 al'umma ce ta kafa ta ta hannun Gidauniyar Musulunci ta Katsina, hujja ce cewa Katsinawa sun iya haɗa kai su tsayar da babban abu. Injiniya Muttaƙa Rabe Darma ya buɗe wa matasa ɗakin karatu na Pleasant Library and Book Club a cikin birni. Dukansu abin yabo ne, kuma dukansu a saman tsani suke ko a babban gari. Daga birnin Katsina zuwa Sabuwa ya haura kilomita 200. Yaron ƙauyen Dungun Mu'azu da bai iya karanta sunansa ba a aji biyar, ba zai taɓa kwana a ɗakin da aka gina wa ABU ba.

Ko a matakin gari, hannun mai bayarwa gini yake nufa. Wanda ya halarci taron ƙaddamar da asusun makaranta ya san yadda ake yi. An kafa rumfuna, hakimi ko wakilinsa na zaune a gaba, mai gabatarwa riƙe da lasifika yana cewa, ranka ya daɗe, Alhaji wane ya ɗauki nauyin aji biyu da ofis, sai tafi da kabbara. Wani ya ba da siminti, wani bandir ɗin kwano, ɗan siyasa ya yi alkawarin da kowa a wurin ya san rabinsa ba zai fito ba. Da wuya ka ji an ce wane ya ɗauki albashin malamin lissafi na shekara biyar. Dalilin a fili yake. Gini ana ganinsa, ana ɗaukar hotonsa, ana biya sau ɗaya a huta, kuma a wa'azi an fi kawo misalin sadaka mai gudana da masallaci da rijiya. Albashi kuwa wata-wata yake dawowa, kuma ranar da ka gaza kai ne mai laifi. Sakamakon shi ne azuzuwa masu sabon fenti da yara ɗari a ƙasa suna jiran malami ɗaya da ke zagaya aji uku.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023 bayan jarrabawar tantancewa, da yawansu daga masu aikin wucin gadi na S-Power da gwamnatin Masari ta bari. Mataki ne na gaske. Sai dai takardar turi ba ta kwana a ƙauye, mutum ne ke kwana, kuma wanda aka turo daga nesa zuwa bakin daji zai yi duk yadda zai yi ya bar wurin. Wanda ke zama shi ne ɗan garin mai NCE da ke koyarwa a matsayin sa-kai shekara da shekaru, PTA na ba shi abin da bai kai kuɗin buhun masara ba. Idan akwai wurin da nairar mai taimako za ta fi yin nauyi a waɗannan ƙananan hukumomi, to wajen wannan mutumin ne: a ƙara masa abin da zai riƙe shi, a ba shi awa biyu da yamma da yaran da aka bari a baya da waɗanda gudun hijira ya cinye musu shekara biyu, a raba su gwargwadon abin da suka iya maimakon ajin da suke. Wannan dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta yaɗa ta, an kuma gwada ta da Hausa a Borno da wasu jihohin Arewa. Ba ta buƙatar sabon gini, inuwar bishiya ko zauren Islamiyya kafin la'asar ya isa.

Masu cewa taimakon attajirai na sa gwamnati ta yi kwance da nauyinta suna da gaskiya, kuma an taɓa magance wannan a wani wuri. Tsakanin 1912 da 1932 Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears a Amurka, tare da malami baƙar fata Booker T. Washington a farkon tafiyar, ya taimaka aka gina makarantu kusan 5,000 ga 'ya'yan baƙaƙen fata a kudancin ƙasar. Bai taɓa biyan kuɗin makaranta gaba ɗaya ba. Sharaɗinsa shi ne mutanen gari su kawo nasu, hukumar ilimi ta yankin kuma ta sa hannu cewa makarantar tata ce, ita za ta biya malamai. Da aka yi lissafi a ƙarshe, abin da talakawan baƙaƙen fata suka tara ya ɗan fi abin da shi attajirin ya bayar, kaso mafi girma kuma daga baitulmalin hukuma ya fito. Kuɗinsa ya zama abin da ake jawo na gwamnati da shi. Attajirin Faskari da zai ce wa SUBEB ga aji uku idan kun rubuta cewa za ku turo malamai uku 'yan yankin, ya fi wanda ya gina shida ya miƙa makulli ya tafi.

Musulunci kuma ya riga ya tanadi hanyar biyan abin da ke dawowa duk wata, wato waƙafi. Zakka tana da mutanen da aka ƙayyade a ba, kuma yawanta na bin yadda kaka ta yi. Waƙafi dukiya ce da ake tsayarwa, ba a sayarwa ba a gado, amfaninta na tafiya inda mai ita ya ce. Da shi Azhar ta Masar ta rayu ƙarni bayan ƙarni, malamanta da ɗalibanta na cin hayar shaguna da amfanin gonaki. Sakkwato ta daɗe da hukumar zakka da waƙafi mai aiki, Katsina ma ta kafa tata a zamanin Raɗɗa. A ƙasar Hausa dai an fi sanin waƙafin fili don masallaci ko maƙabarta, ba a saba da waƙafin shago don albashin malami ba.

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa akwai wani ƙarin sharaɗi da halin tsaro ya kawo. Gonar waƙafi a bakin daji ba ta da tabbas, don shekarar da aka fi buƙatarta ita ce shekarar da ba za a iya nomanta ba. Dukiyar gara ta kasance inda 'yan garin suka riga suka kai kasuwancinsu, shago a Funtuwa, gidan haya a Zariya, rumfa a kasuwar Dawanau, hayar kuma ta riƙa faɗawa asusun kwamitin makaranta. Kwamitocin SBMC da yawa sun riga sun koyi riƙe asusun banki mai sa hannun mutum biyu da ajiye rasit tun zamanin tallafin 2015 da na AGILE, kuma a cikinsu akwai mai unguwa da liman da wakiliyar mata. Inda irin wannan niyya ta fi lalacewa shi ne bayan rasuwar mai ita, ranar rabon gado, lokacin da wani ɗa zai ce Baba aro ya bayar. Shi ya sa malaman fiƙihu da alƙalai ke nanata a rubuta waƙafi da shaidu tun mai shi na da rai da lafiya, a fitar da dukiyar daga hannunsa a miƙa wa mai kula, domin a mazhabar Malikiyya waƙafin da ba a karɓe shi ba har mai shi ya rasu yana komawa cikin gado.